Wadan Wardi: Abin da Ake Faɗa da Abin da Ya Tabbata

Wadan wardi, wato irin wardin da ganyensa da furensa da ƙayarsa duk ƙanana ne, wanda kuma tsayinsa bai cika wuce santimita 60 ba, tsiro ne da aka daɗe ana yi wa mummunar fahimta. Maganar da ta fi yawo ita ce wai wardi ne na yau da kullum da aka tsumburar da magani ko da yawan datsa. Ba haka abin yake ba, domin ƙanƙantar tasa gado ce da ta samo asali daga wani wardin ƙasar Sin, kuma daga irin da ake kira Rouletii, wanda aka gano a Suwizalan wajen 1917, masu haɗa iri suka fitar da jinsuna da dama, ciki har da Tom Thumb na Jan de Vink ɗan ƙasar Holan a 1936. Sai dai zancen yana da ɗan ƙamshin gaskiya, saboda masu renonsa don kasuwa sukan fesa masa sinadarin da ke rage tsawo, sukan kuma dasa yankakkun rassa uku ko huɗu a tukunya guda don ta cika ido, shi ya sa mai saye kan ga tsiron ya miƙe bayan 'yan watanni.

Kuskuren da ya fi kashe shi kuwa shi ne ɗaukarsa a matsayin furen ɗaki. Yana bukatar rana ta kimanin awa shida kullum, ko da yake a ƙasashe masu tsananin zafi hantsi ya fi masa, tare da inuwa bayan azahar. A busasshiyar iska, irin ta hunturu ko ta cikin falo, wasu ƙwari 'yan mitsi-mitsi dangin gizo-gizo kan maƙale a bayan ganyen suna tsotse ruwansa, har ya yi ɗige-ɗige rawaya, siririyar yana ta lulluɓe tohon, daga bisani ganyen ya kakkaɓe. Wanke bayan ganyen da ruwa da sassafe yana rage su ƙwarai.

Cewar da ake yi ɗigon ruwa na ƙona ganye idan rana ta haska shi ba ta da tushe. Illar jiƙa ganye da yamma ita ce yakan kwana da laima, wadda ke ba fumfunar da ke haddasa baƙin tabo damar kama shi. Haka nan zuba tsakuwa a gindin tukunya ba ya sa ruwa saurin tsiyayewa, hasali ma yana ɗaga inda ruwan ke kwanciya zuwa kusa da saiwa, don haka huda a ƙasan tukunyar da ƙasa mai laushi da aka gauraya da ruɓaɓɓen taki su ne abin nema. Ɓawon ayabar da wasu ke binnewa ba ya cutarwa, amma abincin da yake bayarwa bai taka kara ya karya ba.