Dillalin da ke cikin akwati

Duk wanda ya shiga cibiyar jarrabawar JAMB a Potiskum zai ga kwamfutoci a jere, amma da wuya ya kula da wani ɗan akwati mai ramuka 24 ko 48, fitilunsa na ta ƙyaftawa, wayoyi duk sun taru a jikinsa. Suwic ake ce masa. Tun 2015 da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, amsoshin yara ta cikinsa suke wucewa.

Aikinsa irin na dillali ne a kara ranar Laraba. Kowace kwamfuta tana da lambarta, lambar MAC, kamar shaidar da ke cinyar sa. Dillali ya rubuta a littafinsa: wannan na wane ne, yana turke kaza. Saƙo ya zo, ya kai wa mai shi a kunne, ba wanda ya ji.

Matsalarsa ɗaya, saurin yarda. Ɓarawo ya san haka, sai ya jona wayarsa a rami guda, ya yi ta turo sunayen bogi dubu bisa dubu har littafin ya cika. Dillali ya ruɗe, sai ya hau kan turmi yana shelanta cinikin kowa, ɓarawo na gefe ya kasa kunne. Maganinsa a gindaya wa kowane rami iyaka: kwamfuta ɗaya ko biyu, in ta uku ta leƙo a rufe.

Akwai kuma dillalin bogi, mai tare baƙi tun daga bakin ƙofa yana cewa shi ne mai raba masauki. Duk kwamfutar da ta karɓi adireshi a hannunsa, saƙonta ta wajensa zai bi. Sai a gaya wa suwic cewa rami kaza kaɗai ke da izinin rabon adireshi.

Wani kuwa ba sata ta kawo shi ba, firgita garken zai yi, shanu su yamutse, hanya ta toshe, ciniki ya tsaya. Haka aka yi a Amurka a Oktoban 2016, aka tara kyamarori da ƙananan na'urori birjik, waɗanda masu su ba su canza kalmar sirrin kamfani ba, aka kora su kan kamfanin Dyn, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa. A suwic ana iya ƙayyade yawan shelar da rami zai fitar a daƙiƙa, in ta wuce a datse shi. A kuma ware kwamfutocin ofis daga na ɗalibai, yadda awaki ke da ɓangarensu, a kulle ramukan da ba a amfani da su.

Abin takaicin, duk wannan tsaro yana cikin suwic mai saiti tun daga kamfani, yawancinsa a kashe. Yaron da ya ja waya ya ga fitila ta kama, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Kafin ka sallame shi, Alhaji mai cibiya, ka zaunar da shi ya kunna matakan tsaron ɗaya bayan ɗaya, ya canza kalmar sirri a gabanka. Ba a fafe gora ranar tafiya.