Shin Ko Kun San Abin Da Ke Sa Mu So Abu Yau, Gobe Ya Gundure Mu?

Shin ko kun san cewa miliyoyin kuɗi ma suna zama jiki? A 1978, a jihar Illinois ta Amurka, Philip Brickman da abokan aikinsa sun nemo mutum 22 da suka ci babbar caca, wasunsu har dala miliyan guda. Suka tambaye su yadda suke jin rayuwa. To, ku saurara: bambancin farin cikinsu da na maƙwabtansu da ba su ci ko sisi ba, bai taka kara ya karya ba! Abin da ya fi ban mamaki, karin kumallo da hira da aboki da jin abin dariya sun fi yi wa maƙwabtan daɗi.

Kada ku ce halin ɗan Adam ne kaɗai. Akwai wani dodon-koɗi na teku, sunansa Aplysia. A taɓa shi, nan take ya noƙe. A sake taɓawa, ya noƙe kaɗan. Kafin a kai sau goma sha wani abu, ya yi ko oho da mai taɓawar. Ya saba! Ƙwayoyin jijiyarsa kusan 20,000 ne kacal, mu kuwa muna da kusan biliyan 86, amma wurin gajiya da abu tafiyarmu ɗaya. Bincike a kan wannan ɗan halitta na cikin abin da ya kai Eric Kandel ga lambar yabo ta Nobel a shekarar 2000.

Jariri ma haka yake. A yi ta nuna masa hoto ɗaya, sai ya kau da kai. A kawo sabo, ya zuba ido. Tun bai iya zama ba ya san gundura!

Ina dalili? Ku zo mu je wurin birai. A shekarun 1990, Wolfram Schultz yana ɗiga wa birai ruwan 'ya'yan itace a baki a ƙasar Suwizalan, yana lura da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu fitar da sinadarin dofamin. Idan ruwan ya zo bagatatan, ƙwayoyin su ɗauki wuta. Da biri ya gane cewa wata alama ce ke zuwa kafin ruwan, sai murnar ta koma kan alamar, ruwan kansa kuwa shiru. Idan aka nuna alama aka hana ruwan fa? Ƙwayoyin su yi tsit, har ƙasa da yadda suka saba. Kun gani? Ba-zata ke motsa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa sabuwar waya ke hana barci a makon farko, bayan wata uku kuma a riƙa jefa ta kan kujera.

Ga daɗin labarin: abin yana da makari. A 2013 Jordi Quoidbach da Elizabeth Dunn sun hana wasu mutane cin cakulan har mako guda, wasu kuma aka cika musu hannu da shi aka ce su ci iya cinsu. Da mako ya zagayo, waɗanda aka hana su ne suka fi jin daɗinsa. Duk wanda ya taɓa kai dabino baki lokacin buɗa-baki ba ya buƙatar dogon bayani.

Gari guda ma yakan kamu da yayi lokaci ɗaya. A 1958 kamfanin Wham-O ya fito da wani ƙaton zoben roba da ake juyawa a ƙugu. Cikin wata huɗu aka sayar da kusan miliyan 25! Kafin shekara ta ƙare kasuwarsa ta faɗi warwas.

Manyan mutane fa, sun tsira? Ina! Charles Darwin ya kwashe shekara takwas cur, daga 1846 zuwa 1854, yana nazarin wasu 'yan halittun teku masu manne wa duwatsu da jikin jiragen ruwa. Shekara takwas! Kuma mutumin da yake son waƙe da kiɗa a ƙuruciya, da ya tsufa da kansa ya rubuta cewa sha'awar ta gudu, har karatun Shakespeare ya koma yana gundurarsa. Mai zane Pablo Picasso kuwa, bayan mutuwar amininsa a 1901, ya shiga zane da shuɗin launi kusan zalla har 1904. Daga nan ya juya zuwa ruwan hoda, yana zana 'yan wasan dabo da masu tsalle-tsalle.

Yanzu mu leƙa yanayin zuciya. Kun san yana da agogo? Masu bincike biyu a Jami'ar Cornell, Scott Golder da Michael Macy, sun tace saƙonnin Twitter miliyan 509 na mutum miliyan 2.4 daga ƙasashe 84, suka fitar da sakamako a 2011. Kalaman fara'a sun fi yawa da sassafe, su yi ta raguwa yayin da rana ke tafiya, su sake ɗagowa da dare. Ranakun hutu kuwa fara'ar takan makara da kusan awa biyu, don mutane na ramuwar barci. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda a lokacin hutun mako yake Juma'a da Asabar, makarar ta koma waɗannan ranakun daidai. Ikon Allah!

Barci kuwa ba abin wasa ba ne. A 2007, a ɗakin binciken Matthew Walker da ke Berkeley, an hana matasa runtsawa kusan awa 35, sannan aka nuna musu hotuna masu tayar da hankali. Sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro da fushi ya zabura fiye da na waɗanda suka yi barci da kusan kashi 60 cikin ɗari. Idan maigida ya tashi yana harbin iska, a fara tambayar ƙarfe nawa ya kwanta.

Rana ma tana da hannu. Garin Rjukan na ƙasar Norway yana cikin kwari mai zurfi, kusan wata shida hasken rana ba ya sauka a kansa. Me mutanen suka yi? A 2013 suka kafa manyan madubai uku a kan dutse, suna bin rana suna cillo haskenta tsakiyar gari! Damuwar da ke zuwa da duhun hunturu cuta ce sananniya. Likita Norman Rosenthal, wanda ya baro hasken Afirka ta Kudu ya koma Amurka, shi da abokan aikinsa ne suka bayyana ta a 1984.

Wane yanayi ya fi naci? Masu bincike na Jami'ar Leuven ta Beljiyam sun tambayi ɗaliban sakandare 233 game da yanayin zuciya iri 27. Baƙin ciki ne ya zo na ɗaya, yana kai kusan awa 120. Kunya da ƙyama kuwa, rabin awa sun wuce. Amma a kula: ƙuncin da ya haura mako biyu yana hana ci da barci da aiki ya wuce juyin yanayi, na ganin likita ne.

Ku riƙe wannan da kyau. Masanin tattalin arziki David Blanchflower ya duba bayanai daga ƙasashe fiye da 130, ya ga jin daɗin rayuwa yana gangarowa har wajen shekara 47 zuwa 48, sannan ya sake hawa. Masana na ta gardama a kai har yau. Sai ga shi a 2012 an auna manyan birai 508 ta bakin masu kula da su, su ma aka ga walwalarsu ta fi raguwa a tsakiyar rayuwa. Biri ba ya biyan kuɗin haya, ba ya biyan kuɗin makaranta!

Waƙar da ta fi kama zuciyarku fa, yaushe kuka fara jinta? Nazarin bayanan manhajar sauraron waƙa ta Spotify a 2018 ya nuna maza sun fi manne wa waƙoƙin da suka fito suna da shekara 14, mata kuma 13.

Ga ta ƙarshe, kuma ita ta fi ba ni dariya. A 2013 Quoidbach da Daniel Gilbert da Timothy Wilson sun tambayi mutum fiye da 19,000, 'yan shekara 18 zuwa 68. Kowa ya yarda ya canza sosai cikin shekara goma da suka wuce, amma yawancinsu suna ganin canjin da ya rage musu kaɗan ne. Aka ce nawa za ku biya ku kalli mawaƙin da kuke so yanzu, nan da shekara goma? Suka ce dala 129. To, wanda kuka fi so shekara goma baya fa, a kawo muku shi mako mai zuwa? Dala 80!