Kafin a sake yaɓen rumbu, sai a fidda hatsi



Kun sha ganin kwamfuta a biro. Amma akwai wata babba da ba a cika gani ba, tana ɗaki a kulle. Sunanta sarbar. Ita ce uwar sauran. A cikinta ake ajiye sunayen ma'aikata, da lissafin kuɗi, da takardun jama'a.

Sarbar tana da tsari wanda ke tafiyar da ita, kamar Linux ko Windows. Tsarin yana tsufa, yana kuma lalacewa. To, sai ma'aikaci ya zo ya ɗora sabo. Nan ne hatsarin yake. Sau da yawa, kafin a ɗora sabon, ana share faifan na'urar ƙaf. Na'ura ba ta san takarda mai amfani ba. Duka take sharewa.

Manomi ba ya yaɓe cikin rumbu da damman hatsi a ciki. Haka nan ma. Kafin a taɓa sarbar, a kwafe abin da ke cikinta.

Ranar kwafi, kowa ya dakata da aiki. In ana kwafe lissafi wani na ƙara rubutu a ciki, kwafin kan fito gurgu. Kada kuma a mance da ƙananan abubuwa: sunayen masu izinin shiga, da yadda aka daidaita na'urar. Su ne aka fi mancewa.

Ina za a kai kwafin? Ba cikin na'urar ba! Wasu kan tura shi wani gefe na faifan, su ce sun ajiye. Wannan kamar ka kwashe hatsi daga gabashin rumbu ka zuba a yammacinsa ne. Masu aikin suna da ƙa'ida: 3, 2, 1. Takarda ta zama guda 3, a ma'aji iri 2, guda 1 a wani gida daban. A watan Maris 2021, gobara ta cinye wani babban gidan sarbar a birnin Sitarasbur na Faransa. Wasu da kwafinsu ke wuri ɗaya da na'urorin sun rasa duka.

Saura abu guda, kuma a ganina shi ne babba. A buɗe kwafin a gani. A kai faifan wata kwamfuta, a buɗe takardu kaɗan, a karanta. A duba yawansu, ko ya yi daidai da na asali.

Kai da ka iya karatu yanzu, kana da aiki a nan. Ɗauki kaye da bik. Rubuta kwanan wata, da abin da aka kwafe, da wurin da aka kai faifan. Idan ma'aikaci ya ce ya gama, ka ce: «Malam, buɗe mana mu gani.» Sai kun ga takardunku da idonku, sannan ya fara sharewa.