KUNKURU A GIDA, MAI GIDA A HANYA

Idan hutu ya gabato, kowa yakan shiga shirin tafiya. Wasu za su Zariya, wasu Kaduna ko Jos, wasu kuma ƙauye wurin kakanni domin Kirsimeti ko Ista. Mukan bar wa maƙwabci amanar kaji da awaki, amma kunkurun da ke bayan ɗaki sai mu ce, “Ai shi ba ya mutuwa.” Wannan magana ta kashe kunkuru da yawa. Kunkuru ba ya kuka, ba ya haushi, saboda haka wahalarsa ba ta fitowa fili sai abu ya ɓaci. Bari mu duba abin da ya kamata a yi kafin a rufe ƙofa.

Da farko dai, mu san irin kunkurun da ke hannunmu. Akwai babba mai launin ƙasa, wanda masana ke kira sulkata. Asalinsa ƙasashen bakin Sahara ne, daga Senegal har zuwa Habasha. Shi ne kunkuru na uku a girma a duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra, kuma nauyinsa yakan wuce kilo 50. Abincinsa ciyawa ne. Akwai kuma ƙarami, wanda tsawonsa bai cika wuce taƙi ɗaya ba, mai iya rufe bayan ƙoƙonsa kamar murfi idan ya tsorata. Shi wannan, ban da ganye yana cin dodon koɗi da tsutsa, kuma ya fi son wuri mai laima. Dukansu na tudu ne. Ba kififiya ba ne, kuma ruwa mai zurfi yana iya halaka su.

Abu na biyu shi ne zafi da sanyi. Jikinmu yana riƙe zafinsa da kansa, amma na kunkuru yana bin yanayin wurin da yake. Da safe yakan fito ya sha hantsi, da rana ta take sai ya nemi inuwa ko rami. To, a ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, zafin rana a watannin Maris da Afrilu yakan kusa digiri 40, a daren hunturu kuwa sanyi yakan sauka ƙasa da digiri 15. Kunkurun da aka bari a tsakar gida mai siminti ba inuwa, zafi na iya kashe shi cikin yini ɗaya. Wanda kuma aka kulle a ɗaki mai duhu da sanyi yakan daina cin abinci, ya kamu da ciwon numfashi. Don haka wurin da za a bar shi lalle ya kasance da rana a gefe ɗaya, inuwa a ɗaya gefen, da wata 'yar rumfa da aka zuba wa busasshiyar ciyawa domin ya shige da dare. Idan da damina ne, a tabbata wurin tudu ne, ruwa ba zai kwanta a raminsa ba.

Na uku, ruwa. Ana gobe tafiya, a sa kunkurun cikin ruwa mai ɗan ɗumi na kamar minti 20, ruwan kada ya wuce haɓarsa. Zai sha ya ƙoshi, yakan kuma yi kashi a ciki. Sa'an nan a binne faffaɗan kasko marar zurfi daidai da ƙasa, a cika shi da ruwa a cikin inuwa, yadda zai shiga ya fita ba tare da ya kife ba. Abin lura a nan shi ne, kunkuru yana ajiye ruwa a mafitsararsa domin ranar ƙishi. Idan yara suka ɗaga shi sama ya firgita ya saki fitsari, guzurinsa ne ya zubar.

Na huɗu, abinci. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara masa tuwo da shinkafa da mangwaro wai don ya daɗe yana ci. Kafin kwana biyu sun ruɓe, sun jawo ƙuda da ɓeraye, kuma dama ba abincinsa ba ne. Abin da ya dace da babban kunkuru shi ne ciyawa, ɗanya da busasshiya, tare da ɗan ganyen rama, ko na kabewa, ko na dankali. A riƙa barbaɗa masa dakakken ɓawon ƙwai da aka dafa, domin ƙarfin ƙoƙo. Mu da muke zaune a ƙasar noman tumatir da rake sai mu ƙara kula. A 2016 tsutsar nan mai cin tumatir ta yi ɓarna har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, kuma duk wanda ya ratsa fadama ya san yadda ake yawan feshi. Ciyawar da aka yanko a bakin gonar da aka yi wa feshi guba ce. Ganyen tumatir kansa ma kada a ba shi.

Na biyar, tsaro. A zagaye wurin da katanga ko katako wanda ba zai ga waje ta cikinsa ba, domin abin da kunkuru ya hango, sai ya yi ta ƙoƙarin kai wa gare shi. A kafa gindin shingen cikin ƙasa, gama shi gwanin haƙa ne. A kawar da bulo da turmi da duk abin da zai hau ya faɗo ta baya, don kunkurun da ya kife cikin rana ba mai juya shi yana cikin haɗari ƙwarai. A rufe rijiya, a raba shi da kare, a duba ko kwarkwasa na bi ta wurin. Al'adar huda ƙoƙo a ɗaura igiya kuwa, mu bar ta. Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, haɗe yake da haƙarƙari da ƙashin baya, yana da jini, yana kuma jin zafi.

To, kwana nawa za a iya barinsa? Babban kunkuru mai lafiya, idan an yi masa duk wannan shiri, zai iya yin kwana biyu. Idan tafiyar ta wuce haka, ko kuwa ɗan ƙarami ne, dole a sami mai leƙa shi kullum. A rubuta wa mai riƙon amanar abubuwa huɗu a takarda: ya sake ruwa, ya kwashe ragowar abinci, ya duba ko ya kife, ya wanke hannu da sabulu bayan ya taɓa shi. Wannan na ƙarshe ba wasa ba ne. Kunkuru yakan ɗauki ƙwayar cutar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi, har a 1975 Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru waɗanda ba su kai inci 4 ba saboda yara. Bayan an dawo, idan aka ga majina a hancinsa, ko idanu sun faɗa, ko ya ƙi cin abinci kwana da kwanaki, a kai shi wurin likitan dabbobi. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da asibitin koyarwa na dabbobi.

Daga ƙarshe, ya ku ɗalibai, mu san darajar abin da muke riƙe da shi. A 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, wato IUCN, ta sa babban kunkurun nan cikin jerin dabbobin da ke fuskantar haɗarin ƙarewa, saboda yawan kama shi da kuma lalacewar dajin da yake zaune. Ga shi kuma da tsawon rai. Wani kunkuru mai suna Jonathan, wanda aka kai tsibirin Sant Helena a 1882, an yi masa bikin cika shekara 190 a 2022. Namu na gida ma yana iya wuce shekara 50. Abin kunya ne dabbar da za ta iya ganin jikokinmu ta mutu saboda tafiyar kwana uku. Wanda bai da kunkuru kada ya je daji ya kamo. Wanda yake da shi kuwa, ya tuna rigakafi ya fi magani, ya shirya masa kafin ya shirya jakarsa.