Tsarabar Sallah Ba Sai An Ci Bashi Ba

Da zarar azumi ya shiga goma ta tsakiya, hankalin 'yan Arewa mazauna Kurmi sai ya koma gida. A Agege da Idi-Araba cikin Ikko, da Sabo ta Badun, da Shagamu, ba lissafin da ake yi sai na kuɗin mota da kayan Sallar iyali. Mai gadi da mai shayi da mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12, kowa akwai masu zuba ido a kan hanyarsa, watau iyaye da mata da 'ya'ya, har da 'ya'yan maƙwabta masu jiran goron Sallah.

To, amma aljihu ba kamar da ba. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota daga Kudu zuwa Arewa ya yi tashin gwauron zabo. A watan Yuli 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, alhali kuwa a ƙarshen shekarar buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi haka tsada a Ikko. Yawancin 'yan ci-rani ma ba masu albashi ba ne, abin da rana ta ba su shi ne nasu.

Inda matsalar take shi ne, mutanen gida suna ɗauka wanda ke Ikko a kan kuɗi yake kwana. Saboda gudun kunya sai wani ya taɓa jarinsa, wani ya ci bashi, wani kuma ya ƙi zuwa gida sam, shekara biyu ko uku, don kada ya shiga gari hannu rabbana. Ga irin waɗannan ne Hausawa suka ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi.

Waɗanda suka daɗe a Kurmi suna da dabarunsu. Na farko, ba su jiran azumi. Tun watanni kafin nan sukan shiga adashi, su roƙi a ba su kwasa kusa da Sallah. Na biyu, kowane kaya a tushensa suke saye. Goro a Shagamu ya fi araha, kuma ƙwarya ɗaya, watau goro ɗari, ta isa a gai da dattawan unguwa. Atamfa da shadda kuwa gara a aika da kuɗin a saya a Kantin Kwari ta Kano, a kai wa tela da wuri kafin ɗinki ya yi tsada. Turmi ɗaya mai yadi shida yana iya fid da ƙananan 'yan mata biyu.

Na uku, suna bin abin daki-daki. Zakkar fid da kai ce a gaba, mudun Annabi huɗu na abincin gari ga kowane mutum na gidan, domin ita ce wajibi. Daga nan sai abincin ranar Idi, sai tufafin yara, sai na iyaye da uwargida. Maigida shi ne na ƙarshe, tun da malamai sun bayyana cewa abin da ake so shi ne mutum ya sa mafi kyawun tufafin da yake da su, ko da ba sababbi ba ne.

Har ila yau, 'yan gari ɗaya sukan yi karɓa-karɓa, bana wannan ya tafi da saƙon kowa, baɗi wancan, sauran su aika da kuɗi ta banki.

Abin da ya rage shi ne faɗin gaskiya. Wanda ya sanar da iyalinsa tun da wuri iyakar ƙarfinsa ya huta, su ma sun huta. Uwa ta fi bukatar ganin ɗanta da sabulu da goro a hannu bisa ga jin labarin masu bashi sun tasa shi gaba. Zumunci dai a ƙafa yake. Allah ya nuna mana Sallah lafiya.