Wasan mulki a kwamfuta: ina aka bar ƴan kishin yanki?

A shekarar 2005 ne wani ɗan Ingila mai suna Cliff Harris ya ƙirƙiro wasan kwamfuta da ya raɗa wa suna Democracy, wato Dimokuraɗiyya. Mai wasa shi ne shugaban gwamnati. Shi ke aza haraji, shi ke kasafta kuɗin baitulmali, ranar zaɓe kuwa talakawa su yi masa hisabi.

An karkasa talakawan nan rukuni-rukuni: manoma, ma'aikatan gwamnati, masu sana'ar kansu, masu riƙo da addini, masu kishin ƙasa da dai sauransu. Mutum guda kan shiga rukuni da dama. In ka ƙara albashi, ma'aikaci ya yi murna; in ka ɗaga haraji domin biyan albashin, mai shago ya ɗaure fuska. Har nan lissafi ya yi daidai.

To amma wasan ya san sana'ar mai zaɓe, bai san garinsu ba. Wannan giɓi ya fi bayyana ga wanda ya zaɓi mulkin Birtaniya, ƙasar da ta haɗa Ingila da Sikotland da wasu yankuna. A zaɓen 2015, jam'iyyar SNP mai neman ɓallewar Sikotland ta samu ƙuri'a wajen miliyan ɗaya da rabi, ta kwashe kujeru 56 cikin 59 na yankin. Jam'iyyar UKIP kuwa, da ƙuri'a kusan miliyan 4 warwatse cikin ƙasa, kujera guda tak ta tsira da ita cikin 650. Dalili shi ne kowace mazaɓa wakili ɗaya take turawa majalisa. Ashe wurin da ƙuri'a ta taru ya fi yawanta tasiri.

Matsala ta biyu ita ce kishin ƙasa kansa. Wasan ya zuba masu kishi duka cikin ƙwarya guda, alhali tutar da ke faranta ran wani a London ita ce wani a Glasgow yake son a sauke.

Ta uku, wannan kishi ba ya bin lissafin ba-ni-in-ba-ka. An bai wa Sikotland majalisarta a 1999, da zaton wutar za ta lafa. A 2007 SNP ta karɓi gwamnatin yankin, a 2014 kuma kashi 45 cikin ɗari suka zaɓi ɓallewa a ƙuri'ar raba gardama.

Saboda haka duk mai son wasan ya yi kama da gaskiya, tilas ya bai wa kowane mai zaɓe mazauni, ya ƙirga kujeru mazaɓa-mazaɓa, ya kuma raba kishin ƙasa da kishin yanki. In ba haka ba, mai wasa zai koyi faranta ran kowane rukuni, ya wayi gari wani sashen ƙasar yana neman raba gari da shi.