Biranen ma'adinai 262 na ƙasar Sin da ƙasar da ke lotsawa a gefensu

A shekarar 2013 Majalisar Gudanarwar ƙasar Sin ta fitar da tsarin raya biranen da rayuwarsu ta rataya a kan haƙar ma'adinai ko yankan katako, na shekarun 2013 zuwa 2020. Tsarin ya lissafa birane da gundumomi 262. A cewarsa, daga 1949 zuwa lokacin wuraren sun samar da kwal tan biliyan 52.9, ɗanyen mai tan biliyan 5.5 da tama tan biliyan 5.8.

An kasa su gida huɗu. Guda 31, kusan kashi 12 cikin ɗari, haƙar tana tasowa ne a cikinsu a lokacin, kamar Ordos da Yulin. Guda 23, kusan kashi 9, sun kama wata hanyar samun kuɗin shiga, kamar Tangshan da Xuzhou.

Rukunin da arzikinsa ya ja baya ya ƙunshi 67, wato kusan kashi 26, ɗaya cikin kowane huɗu. Kafin haka, Hukumar Raya Ƙasa da Gyare-gyare ta ayyana wurare 69 a matsayin waɗanda ma'adinansu suka ƙare: 12 a 2008, 32 a 2009, sai 25 a 2011.

A irin waɗannan wurare ne tsarin ya ce akwai kimanin hekta 140,000 na ƙasar da ta lotsa tana jiran gyara, daidai da murabba'in kilomita 1,400. In aka raba a kan 69, kowane wuri zai tashi da kusan hekta 2,000. Lotsawar tana biyo bayan kwashe kwal ne: rufin ramin ya rufta, ƙasar sama ta sauka, bangon gidaje ya tsage. Inda ruwan ƙasa yake kusa, gona ta koma tafki. Gefen gari ya fi ɗanɗana kuɗarsa, domin a nan mahaƙa da gonaki da unguwannin leburori suke maƙwabtaka.

Tsarin ya kuma ƙirga gidajen kara-zube na kusan murabba'in mita miliyan 70 da ke buƙatar sake gini, da ma'aikatan haƙa fiye da 600,000 da ba su da aiki.

Fuxin, a lardin Liaoning, na cikin wurare 12 na farko da aka ayyana a 2008. Mahaƙar Haizhou da ke bakin birnin ta fara aiki a 1953, aka rufe ta a 2005, bayan ta fitar da kwal tan miliyan 244, bisa alƙaluman kafofin watsa labaran gwamnatin Sin. Ramin da ta bari ya kai tsawon kusan kilomita 4, faɗin kilomita 2, zurfin mita 350. An mayar da shi wurin yawon buɗe ido.

Rukuni na huɗu, mafi yawa, shi ne na birane 141, kusan kashi 54, waɗanda haƙar take kan ganiyarta a lokacin, irin su Datong da Daqing. In aka haɗa su da 31 masu tasowa, an sami 172, kusan kashi biyu cikin uku na jimillar. A 2013 mafi yawansu suna kan haƙa.